Mazan Yaƙin Bama: Wa Zai Rubuta Sunayensu?

Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, wanda ya zauna Zariya kuwa ba sai an yi masa kwatancen barikin Chindit ba. A Legas akwai Dodan, inda aka mulki ƙasar nan tun zamanin Gowon har Babangida ya koma Abuja a 1991, ga kuma Myohaung da An da Tamandu da Arakan. A Ibadan akwai Letmauk. Kullum sunayen nan suna bakinmu, amma ka tsayar da ɗalibin jami'a ka tambaye shi daga ina aka samo su, da wuya ya ba ka amsa. In ka cire Chindit, wanda sunan wata runduna ce ta musamman, sauran duk sunayen rafuka ne da ƙauyuka da yankuna na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. A can ne kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa a 1944 da 1945, cikin rundunoni biyu na sojan ƙasa na Ingila: Runduna ta 81 da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Abin da ke damuna shi ne mun riƙe sunayen wuraren da mutanen nan suka mutu, mun saki sunayen mutanen. Mun kuma saba ɗora laifin mantuwar a kan Turawa kaɗai. Suna da nasu laifin, babba ma, zan zo kansa. Amma shekara 80 ke nan da gama yaƙin, sama da shekara 60 da samun mulkin kai, kuma har yau babu wata jiha a Arewa da za ta miƙo maka takarda ta ce ga jerin 'ya'yanta da suka tafi Bama, ga waɗanda suka dawo, ga waɗanda aka baro a can. Wannan kam ba Bature ya hana mu ba.

Yadda aka kafa rundunonin ma abin lura ne. Bayan Faransa ta faɗa hannun Hitila a 1940, wasu ƙasashen da take mulka a kewayenmu, har da Nijar da Dahomey, sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Saboda haka Ingila ta ninninka yawan sojanta a Afirka ta Yamma don tsaron iyaka, har da iyakar Sakkwato da Katsina. Wasu birged biyu, ɗaya ta Nijeriya ɗaya ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, aka tura su gabashin Afirka su kara da Italiya. Birged ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta kuma ja gaba har Harar a ƙasar Habasha, tafiyar wajen mil dubu cikin wata guda. A ƙarshen 1942 hukumomin Faransa na Dakar suka sauya sheƙa, barazanar iyaka ta kau. A daidai lokacin kuma Japan ta riga ta kama Singafo da Rangun, ta kori Ingila daga Bama, ta tsaya a ƙofar Indiya. Janar George Giffard, wanda ke riƙe da sojan Afirka ta Yamma, ya ga yana da dubban ƙarafan maza da ba su da aikin yi a gida, sai ya ba da shawarar a kai su Asiya. A ranar 1 ga Maris 1943 aka kafa Runduna ta 81 a ƙarƙashin Manjo Janar Christopher Woolner, aka bi ta da ta 82 a watan Agusta na wannan shekarar.

Hujjar da aka kafa ita ce wai baƙin mutum ɗan kurmi ne, ya saba da ƙungurmin daji da zazzaɓin cizon sauro. Ga wasu 'yan kudu, wataƙila. Amma Bakatsine ko Bazazzagi ko Babarbare, wanda ya tashi a fili fetal inda ake hango raƙumi tun daga nesa, me ya sani game da dajin gora da rana ba ta ratsa shi? Yawancinsu ko teku ba su taɓa gani ba sai ranar da aka zuba su a jirgin ruwa a Legas, aka zagaya da wasunsu ta ƙarshen Afirka ta Kudu, makonni a kan ruwa, aka sauke su a Bombay. Hujja ta biyu ita ce ta gaskiya: sojan Afirka ta Yamma yana tafe da masu dako. Inda mota ba ta shiga, inda alfadari ke gazawa, mutumin da ya saba ɗaukar kaya a ka zai wuce.

A lura, waɗanda Turawa suka riƙa kira “Hausawa” a soja ba duka Hausawa ba ne. Akwai Tibi da Bachama da Dakarkari da Angas da Barebari da Zabarmawa, akwai waɗanda suka tsallako daga Nijar da Cadi da Kamaru, ga 'yan kudu da suka yi yawa a ɓangaren direbobi da akawu da masu aikin asibiti da sadarwa. Hausa ce dai ta daɗe tana zama harshen bariki, da ita samanja ke magana da kurtu. Don haka tarihin nan ba na ƙabila ɗaya ba ne. Runduna ta 81 ta haɗa bataliyoyin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, tambarinta baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin Ashanti. Ta 82 kuwa bataliya shida ta Nijeriya ce, uku ta Gwalkwas, tambarinta māsu biyu a gicciye a kan gammo. Jimillar 'yan Afirka ta Yamma da suka je wannan fage ta kai wajen 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Kada kuma a ce duk da son ransu suka tafi. Akwai waɗanda suka kai kansu, don albashi ko kaki ko gudun haraji da talauci, akwai masu neman suna. Amma akwai da yawa da aka kamo. Razdan ya faɗa wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci kuma ba ɗansa zai bayar ba. Maraya da baƙo da wanda ba shi da mai tsaya masa su ake turawa. A shekarun nan ne kuma, bayan Japan ta ƙwace kuzar Malaya, aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, aka kwashi talakawa wajen 100,000, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Duk mai son a girmama mazan Bama dole ya yarda a faɗi wannan ɓangaren, ko da zai taɓa masarautunmu.

A watan Disamban 1943 Runduna ta 81 ta nufi kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, aikinta ta kare gefen hagu na sojojin Indiya da na Ingila da ke gangarawa ta bakin teku. Babu hanya. Da adda da diga da shebur suka sare tsaunuka suka fitar da hanyar ƙaramar mota mai tsawon wajen mil 75 daga Chiringa. Da suka nutsa cikin kwarin, sai ya zama abinci da harsashi da magani duk daga sama ake jeho musu da laima. Ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan ta jirgin sama tsawon watanni, dabarar da daga baya ta zama ginshiƙin nasarar Ingila a Bama. Su suka share filayen da ƙananan jirage ke sauka su kwashi masu rauni.

Amma jirgi iyakarsa ya jefo kaya ya juya. Wa zai tsince su a cikin sarƙaƙiya, ya kai su bakin daga? Masu dako. Dubbai ne, an ɗauke su a matsayin soja, an ba su lamba da kaki, amma galibinsu adda kaɗai ke hannunsu. Su ke ɗaukar akwatunan albarushi da buhunan shinkafa da na'urar sadarwa da sassan igwa, kowa da gammonsa, su hau tsaunin da sai an kama saiwa ake hawa, su ratsa rafi ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jininsu. Su ke ɗauko wanda aka harba a kan makara su yi kwanaki da shi a kafaɗa. In Japanawa suka yi kwanton ɓauna, mai bindiga yana da abin mayar da martani, mai dako kuwa sai ya kwanta da kayansa ya jira abin da Allah zai yi. A ganina duk wanda zai ba da labarin rundunonin nan bai fara da mutanen nan ba, bai ba da labarin ba. Janar-janar sun rubuta littattafansu, hafsoshi sun sami lambobin yabo, mai dako kuwa ko a hoto sai dai a gan shi daga baya, kaya sun rufe masa fuska.

Ba na so in mai da su waliyyai ko in ce ba su taɓa ja da baya ba. A farkon Maris 1944 Japanawa suka zagayo suka ƙwace wani tudu mai muhimmanci kusa da Kyauktaw, rundunar ta janye daga ƙasan kwarin, kuma wannan ya jawo mata baƙin jini a wurin manyan hafsoshi har aka sauya Woolner da Manjo Janar Loftus-Tottenham a watan Agusta. Sai dai masu sukar ba su cika faɗin cewa da birged biyu kacal rundunar ta shiga daji ba, maimakon uku, kuma ba ta da manyan igwogi ko tankoki. Birged ta uku, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya, an zare ta an ba Janar Orde Wingate, aka sauke su da jirage can bayan layin Japanawa cikin rundunar Chindit, suka riƙe sansanoni suna tare hanyar jirgin ƙasa har damina ta rufe su. Asalin sunan barikin Zariya ke nan.

A cikin rikicin watan Maris ɗin ne aka harbi wani matashi ma'aikacin asibitin soja, Isaac Fadoyebo, a bakin kogin Kaladan, aka bar shi ana zaton ya mutu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, watanni yana ciyar da su, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun halaka. Jikokin irin su Shuyiman su ne Musulmin Rohingya da muka riƙa jin kukansu a rediyo a 2017. Garin Buthidaung da aka yi ta ambata a labaran, shi ne wanda Runduna ta 82 ta kama a watan Disamban 1944. Da mun san tarihinmu, da ba za mu saurari wannan labari kamar na wasu baƙi can nesa ba.

Bayan damina Runduna ta 81 ta sake komawa Kaladan, ta 82 ta gangaro ta kogin Kalapanzin, suka haɗu suka kama Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan, a ƙarshen Janairun 1945. Daga nan ta 82, wadda Manjo Janar Hugh Stockwell ya karɓa a wannan watan, ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk, tana neman toshe mashigar An, har Taungup da Gwa. Ta yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Amfanin wannan wahala a fili yake. Sun riƙe sojojin Japan a Arakan, an sami damar kama tsibiran Akyab da Ramree, kuma daga filayen jiragen tsibiran nan aka riƙa ciyar da sojojin Janar William Slim a tafiyarsu zuwa Rangun, wadda aka shiga a farkon Mayun 1945.

Me aka saka musu da shi? Kurtun Afirka ta Yamma wajen sule guda yake karɓa a rana, ƙasa da rabin na takwaransa Bature. Komai ƙwazonsa, samanja ne ƙarshen hawansa. Hafsoshi Turawa ne, har da 'yan Poland da 'yan Rhodesia da aka kawo don cike gurbi. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda aka ba muƙamin hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Myohaung, shi ne ya fara keta wannan shinge, Nijeriya kuwa ba ta sami hafsanta na farko ba sai 1948. Dubi Chari Maigumeri: ya yi wa Jamus soja a Kamaru a yaƙin duniya na farko, ya dawo ɓangaren Ingila, ya yi Habasha ya yi Bama, ya tara lambobin yabo, amma da muƙamin samanja ya kai ga ritaya a 1953, sannan aka ba shi kyaftin na girmamawa. An soke bulala a sojan Ingila tun 1881, amma an ci gaba da zane sojan Afirka da ita har bayan yaƙin. A 2019 kuma aka bankaɗo takardun gwamnatin Ingila da suka nuna kuɗin sallama ma bisa launin fata aka tsara shi, farar fata na iya samun kusan ninki uku na abin da baƙi mai muƙami ɗaya da shi ya samu. An yi ta magana a majalisar dokokinsu, ba a biya kowa ba. Wannan bashi ne, kuma mutuwar mai bin bashi ba ta sauke shi daga wuyan wanda ake bi, magada na nan. Abin takaici, ban taɓa jin gwamnatin Nijeriya ta ɗaga maganar da ƙarfi ba.

Na san akwai masu cewa me ya sa za mu ɗaukaka mutanen da suka yi wa mai mulkin mallaka aiki. Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi watsi da ita ba. Rundunar da mutanen nan suka shiga, ita ce dai wadda Lugga ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, ita ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ta shafe Satiru a 1906. Shi ya sa iyayenmu suka daɗe suna kallon soja a matsayin aikin wanda ya gagari gidansu, kuma shi ya sa tsohon soja ya dawo daga Bama bai tarar da wata tarba ta a zo a gani ba. Amma a tambaya: yaron da aka kamo a ƙauye a 1942 yana da shekara 17, shi ya ci Kano? Shi ya zaɓi zamanin da aka haife shi? Rubuta sunansa ba yabon Ingila ba ne. Hasali ma shaida ce a kanta, domin ba ka iya neman haƙƙin mutumin da ba ka san sunansa ba. Sannan abin da suka yaƙa ba abin wasa ba ne. Mulkin sojan Japan ya yi ta'asa a Sin da Koriya da ita kanta Bama, Hitila kuma bai ɓoye yadda ya ɗauki baƙar fata ba. Mutum na iya ƙin mulkin mallaka ya kuma yarda cewa faɗuwar waɗancan alheri ce ga duniya, kuma da guminmu a ciki.

Ghana ta fi mu riƙon wannan amana. Hedikwatar sojanta a Ankara sunanta Burma Camp, sojojinta na bikin ranar Myohaung duk shekara, kuma kowane ɗan makaranta ya san abin da ya faru ranar 28 ga Fabrairu 1948, lokacin da tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna don neman haƙƙinsu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ce ta gaggauta 'yancin 1957. Mu a nan, namu sun dawo a 1946 bayan dogon jiran jirgin ruwa a Indiya, suka watsu: wasu suka zama 'yan doka da dogarai, wasu masu gadi da direbobi, wasu suka koma gona da ciwon da ba a san sunansa ba a lokacin, ana cewa Bama ta taɓa su. Ranar 15 ga Janairu da muke tunawa da 'yan mazan jiya ta fi karkata ga yaƙin basasa, kuma hakan daidai ne, amma ya sa na Bama sun zama 'yan rakiya. Rundunar sojan Nijeriya ta riƙe lambobin 81 a Legas da 82 a Inugu, abin a yaba, sai dai lamba ba ta gaya wa yaro komai in ba a koya masa ba, ga shi kuma an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu fiye da shekara goma kafin a dawo da shi.

Aikin da nake kira a yi ba ya cin kuɗin gina gada ko ɗaya. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen matattu a intanet, da lambar soja da bataliya da ranar mutuwa. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai namu a ciki. Sa'ar da muka yi ita ce al'adar bariki ta laƙaba wa soja sunan garinsu, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Bauci, wane Yola, don haka ana iya bin sawu. Littattafan aikin kullum na bataliyoyi suna ajiye a ma'adanar takardun Ingila da ke Kew. A Kaduna akwai ma'adanar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa, inda fayilolin larduna kan ɗaukar soja suke. Akwai tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 kuma ta bi yaƙin tun farkonsa. Masarautar Katsina na da nata abin faɗa, tunda Sarki Usman Nagogo ya taka har can ya gano sojojin bayan naɗinsa a 1944. Ƙungiyar tsofaffin sojoji na da rassa a kowace jiha.

Sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri da ta Jos su raba lardunan a tsakaninsu, kowane ɗalibin ajin ƙarshe a ba shi gunduma guda. Su kuma gwamnoni su biya kuɗin mota da na'urar ɗaukar murya da buga littafi, a Hausa da sauran harsunan mutanen, ba Turanci kaɗai ba. Gidajen rediyon jiha su yi shela duk mai takardar sallama ko lambar yabo ko hoton kakansa da kaki ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Mazan da kansu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, amma 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna raye, yawancinsu sun haura 70. In aka ƙara shekara goma ana jan ƙafa, su ma sai dai a tambayi jikoki. A fara da masu dako, domin su ne takardun Turawa suka fi yi wa rowar tawada, kuma iyalansu kaɗai suka rage da za su iya faɗin ko su wane ne.